Yadda Cinyar Baffa Ta Raba Shi da Shanunsa

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma a gidanmu, gidan Fulanin da suka daɗe da zama suka kama noma a ƙasar Roni, uba ba ya sakewa da ɗan fari. Ana yaye ni aka miƙa ni ga yayarsa, Goggo, ita ta raine ni. In zai yi maganata sai ya ce "ɗan Goggo", in kuma dole ta sa zai yi magana da ni, sai ya kalli gefe ya ce "kai". Ban taɓa jin haushi ba, haka na tashi na gani. Na rubuta wannan ne saboda masu jinyar iyaye, musamman irina, don a san wanda ya kamata ya tsaya a kan mara lafiya da wanda ya kamata ya jira a waje. Mu ba mu sani ba sai da ƙafa ta lalace.

Baffa, haka muke ce masa, mai huɗa ne. Bijimai biyu gare shi, fari da ja, Daneri da Woɗeri, shi ya hore su tun suna maruƙa. In damina ta faɗi, gonakin ƙauyenmu da yawa shi suke jira. Sauran masu huɗa sai da mai jan igiya a gaba da mai bulala a gefe. Baffa shi kaɗai yake aikinsa. Yana riƙe da garma yana yi musu magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, su miƙe, su juya a ƙarshen gona ba wanda ya taɓa su. Na sha raya wa a zuciyata cewa hirar da yake yi da shanun nan a wuni ɗaya ta fi duk wadda ya yi da ni tun da aka haife ni.

Bara ne abin ya faru, a farkon huɗar gyaɗa. Duk rani yana zaune ba aikin ƙarfi, ga shekaru sun ja, sai ya fita da sanyin safiya jiki bai ko saki ba. Ƙasar wajenmu duwatsu ne binne a ciki. Bakin garma ya kama dutse, shanun suka fizga, ƙafarsa ta dama ta zame gaba a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta hagu tana baya. Mai gonar ya ce ya ga ya dafe bayan cinyarsa ya waiga, kamar mai neman wanda ya jefe shi. Duk da haka sai da ya kai ƙarshen layin da ya fara sannan ya kwance shanun.

Ni tela ne a Kazaure, labarin bai iso mini ba sai da satin farko ya kusa ƙarewa. Ƙanena Sale, wanda shi Baffa ke wasa da dariya da shi, yana Kudu ci-rani. Don haka Goggo ni ta kira.

Kafin in iso ta gama nata asibitin. Safe da yamma ana gasa cinyar da ruwan zafi da tsumma, a shafa man zafi, sannan wani ƙato maƙwabcinmu ya zo ya murza wurin da iya ƙarfinsa wai jijiya ce ta hau kan jijiya. Da bayan cinyar ya yi baƙi ƙirin, baƙin ya gangaro har ƙasan gwiwa, sai Goggo ta ce mataccen jini ne, in ba a fitar da shi ba ruɓewa zai yi. Aka kira wanzami ya yi tsaga ya kafa ƙaho. Ina son Goggo fiye da kowa a duniya, amma ranar da na ga cinyar nan a kumbure, tsagar tana ruwa, sai da na fita bayan gida na tsaya don kada in faɗa mata maganar da zan yi nadama.

Na dawo na durƙusa a bakin ƙofa.

"Baffa, ya jiki?"

Ya kalli bango. "Da sauƙi."

A kan babur ɗina na ɗauko shi zuwa asibitin Kazaure. Duk ramukan hanyar nan daga ƙauyenmu zuwa titi, yana zaune a kan wurin ciwon, bai yarda ya riƙe ni ba. Ƙarfen baya ya kama. Goggo ta biyo mu a wani babur tana ta faɗa wa mai babur ɗin ya bi a hankali.

Wanda bai taɓa bin layin asibiti da tsoho mai ciwon zama ba bai san tsawon hantsi ba. Layin kati daban, layin ganin likita daban, na hoto daban, kuma ko'ina benci ne na katako. Na ce ya kwanta a tabarmar da muka zo da ita, ya yi kamar bai ji ba. Hoton ƙashi ya nuna ba karaya, Goggo ta ce ai dama ta faɗa. Likitan matashi ne mai haƙuri, ban da abin da zan ce da shi sai godiya. Ya sa Baffa ya kwanta rub da ciki, ni ina tsaye a kansa riƙe da hularsa da takalmansa, ina jin kaina ɗa na gari.

Likita ya danna. "Baba, nan da zafi?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Da sauƙi."

"In na ɗaga ƙafar haka?"

"Ba komai."

Maganar da likitan ya yi mana ta zauna mini har yau. Ya ce tsoka kamar igiya ce mai sili-sili, in aka fizge ta fiye da ƙima wasu silin su tsinke, wasu su rage. Ya ce a kwanakin farko sanyi take so, ƙanƙara a cikin tsumma, a naɗe da bandeji, a ɗaga ƙafar a huta. Ruwan zafi da murza ƙara ɓallo jini suke yi a ciki. Baƙin da ya tsorata Goggo jinin ne yake gangarowa, jiki da kansa yake shanye shi, ba ruwansa da ƙaho. Goggo ta gyara mayafi ta ce su dai haka suka gada. Sannan ya ce tunda Baba ba ya jin zafi sosai, da alama yagewar ba ta yi zurfi ba. Ya rubuta maganin tsagar da ta yi ruwa, ya tura mu sashen gashin ƙashi, inda ake koya wa gaɓa motsi, ya kuma ja mana kunne: "Zafi yana tafiya tun naman bai gama haɗewa ba. Kada ya ga ya daina ji ya koma gona."

Sati na biyu da na uku a gidana ya yi su, saboda kusa da asibiti. A lokacin ina ganin gata na yi masa. Yanzu na san a kurkuku na saka shi. An ce ya kwanta ya ɗora ƙafa a kan filo, to da ya ji motsin matata Rabi sai ya tashi zaune ya tanƙwashe ƙafa, don ba zai miƙe a gaban suruka ba. An ce ya yi salla a zaune, amma in ina nan sai ya miƙe ya yi ruku'u cikakke, wurin da ya yage yana ƙara buɗewa. Motsin da aka koya masa, na kwanciya a ɗaga ƙugu, ko sau ɗaya ban ga ya yi ba. In na yi magana ya ce, "Kai, je ka shagonka." Ni kuma in ƙi tafiya, wai ina kula da shi.

'Yan dubiya kuwa kowa da takardar likitansa a baki. Wannan ya ce kitsen mesa, wancan ya ce akwai mai ɗori a wajen Gwiwa da ba ya kuskure, wata ta kawo saiwa a ƙulle a leda ta ce a jiƙa da jar kanwa. Na gode musu da ƙafar da suka tako, Allah ya saka, amma akwai wanda na raka har bakin titi tun bai gama shan ruwansa ba. Shago yana rufe rabin wuni, masu ɗinki suna ta aike, tunkiyar Rabi ta tafi a magani da zirga-zirga. Wannan duk bai dame ni ba, don a ganina sauƙi ake samu.

Duk ranar gashin ƙashi tare muke shiga. Ma'aikacin ya ɗaga ƙafar ya ce, "Baba, da ka ji zafi ka faɗa, zafin shi ne ma'auninmu." Baffa ya kafa ido a rufin ɗaki. Ina ganin zufa tana bin wuyansa, na ɗauka zafin gari ne. Ma'aikacin ya ƙara ɗagawa, shiru. Ya ce tsohon nan jikinsa da kyau, ya fi samari saurin warkewa, aka ƙara masa motsi mai wuya tun lokaci bai yi ba. Har murna na yi, na kira Sale na ce ba sai ya zo ba.

Mutanen ƙauyenmu in sun zo, dubiya rabi ce, rabi kuma huɗa ce. Su gaishe shi, sannan wani ya ce ruwa dai yana ta sauka, gyaɗa tana ta jira. Ban ga laifinsu ba, abincin shekararsu ne. A sati na huɗu ne wani ya ɓaro zancen da na so a ɓoye. An ɗauki shanun an ba wani ya gwada, suka ƙi tafiya. Woɗeri ya kwanta a tsakiyar gona, aka yi ta zabga masa bulala har bayansa ya fashe.

Baffa ya ɗago kai. Ya tambaya sau ɗaya, "Wane gefen?" Aka ce na dama. Washegari na dawo daga masallaci da asuba na tarar da tabarma a naɗe, bandeji a ninke a kai. Ya hau motar farko.

Na bi shi na yi magana, Goggo ta yi faɗa, ya ce zafin ya tafi. Wataƙila ma ya ragu ɗin, yadda likita ya faɗa. Ya wanke wa Woɗeri bayansa, ya shafa masa man shanu, kwana kaɗan ya ɗaura musu karkiya. Bai yi nisa ba. Wannan karon ko dutse babu. A juyawar ƙarshen gona ne kawai ƙafar ta tafi, ya faɗi, ya kasa tashi. Waɗanda suka je sun ce sun tarar da shanun a tsaye cik a kansa, ba su ja garmar ko taku ɗaya ba. A amalanke aka kawo shi bakin titi, su ɗin dai suka ja shi.

Da muka koma asibiti wani ma'aikaci muka samu a sashen, dattijo, daga maganarsa mutumin wajen Babura ne. Muna kwantar da Baffa wata kalma ta kuɓuce masa da Fulatanci. Dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya ga yadda kowa ke kallon gefe.

"Baba, wannan ɗanka ne?"

Baffa ya kalli bango. Goggo ta ce, "Nawa ne."

Dattijon ya gyaɗa kai. Ya ce da ni, "Malam, ɗan ba mu wuri."

Raina ya ɓaci. Ni da na rufe shago, ni da na yi ta ɗawainiya, ni za a kora? Na fita na zauna a benci a jikin ƙofar, ƙofar kuwa ba ta rufu sosai ba. Da farko nishi na ji, irin wanda ban taɓa ji daga bakin mahaifina ba. Sannan muryarsa, doguwar magana, Hausa da Fulatanci a haɗe. Ya ce tun ranar farko bai zauna a kan wurin ba tare da ya ji kamar an soka masa wuƙa ba. Ya ce bai yi barcin kirki ba tun da ya zo Kazaure. Ya ce duk ranar da aka ɗaga ƙafar nan sai ya ga duhu.

Dattijon ya ce, "To Baba, me ya hana ka faɗa?"

Baffa ya ce, "Yaron yana tsaye."

Na daɗe a bencin nan riƙe da takalmansa. Ban yi kuka a wurin ba, mutane suna wucewa. Amma baƙin cikin da na ji ranar bai sake ni ba har yau. Ba wanda ya yi mugunta a cikinmu. Shi ya riƙe mutuncinsa yadda aka koya masa, ni na tsaya a kansa yadda ake so ɗa ya tsaya, likita ya yi aiki da abin da aka faɗa masa. A tsakaninmu mu uku muka ƙarasa cinyar.

Aka tura mu Kano a yi hoton da ke nuna nama. Nan ma layi, a ba ka rana, ka zo a ɗaga. Muka jira Sale ya taho, don na rantse ba zan ƙara shiga ɗakin likita da Baffa ba. Muka jira abin da za mu haɗa na tafiya da hoto. Kafin duk wannan ya kammala damina ta raba tsakiya. Sale ne ya fito ya faɗa mini abin da aka ce. Yagewar farko dama babba ce, ta biyu ta tsinke abin da ya rage daga jikin ƙashin zama. Tsokar ta janye ƙasa ta dunƙule, kana iya jin ta da hannu kamar curin fura a tsakiyar cinya. Da an zo da wuri da an jawo ta an ɗinke. Yanzu ta manne a inda ta tsaya, ga shekarunsa, aikin zai fi amfaninsa haɗari. Zai yi tafiya in an ƙarfafa sauran naman. Bin garma kuwa ya ƙare.

Daga nan jinyar ta koma yadda ya kamata ta fara. Muka mai da shi ɗakinsa a ƙauye, inda zai miƙe ƙafa ba mai ganinsa. Sale ke shiga da shi wurin dattijon, Sale ke riƙe masa ƙafa yana motsin da aka koya masa, in ya ji zafi ya faɗa, har ya zage shi ma in ta kama. Ni nawa kawo magani da man shafawa a babur, in gaishe shi daga bakin ƙofa in koma. Ya fara salla a zaune. Da kaka ya fara takawa da sanda zuwa masallaci, yana jan ƙafar kaɗan. Na gode wa Allah da ya bar mana shi a tsaye, na gode wa dattijon nan da ya kore ni, na gode wa Rabi da ba ta taɓa tambayar tunkiyarta ba. Goggo har yau tana cewa da an bar ta ta ƙara ƙaho ɗaya da ba a kai haka ba, na daina yi mata musu.

Abin da zan ce da mai karatu kaɗan ne. In nama ya yage, a sa sanyi, a huta, kada a murza, kada a tsaga. Kada a koma aiki don zafi ya lafa. In kuma za ka kai babba asibiti, ka tambayi kanka ko zai iya cewa wayyo a gabanka. In ba zai iya ba, nemo wanda zai iya a gabansa, kai ka riƙe takalma a waje.

Shanun suka ci rani a turke, ba aiki sai ci. Sale ba manomi ba ne, hankalinsa yana Kudu. Ni ko igiyarsu ba su yarda in kama. Ba wanda ya iya buɗe baki ya ce a sayar, sai da Baffa da kansa ya faɗa, gab da faɗuwar ruwan bana. Sharaɗinsa ɗaya, kada a ba mahauci, kuma kada a raba su. Wani dillali daga kasuwar Babura ya kawo wani manomi daga tsallaken iyaka, mutum mai sanyin magana, aka yi ciniki da sefa, Sale ya karɓa. Baffa bai fito ba.

Mota ta tsaya a bayan gari inda ake loda dabbobi, a jikin wani tudu. Shanun suka zo bakin motar suka kafe. Aka ja, aka tura, wani ya kama wutsiyar Daneri yana murɗawa, wani ya ɗaga bulala. Sai muka ji murya daga baya.

"Ku bar su."

Baffa ne, da sandarsa, ya jawo ƙafar nan tun daga gida. Ya zo ya tsaya a gefen motar, bai taɓa su ba. Ya yi musu magana ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi musu a ƙarshen gona. Daneri ya hau. Woɗeri ya juyo ya dube shi, Baffa ya ƙara yi masa maganar, shi ma ya hau. Baffa ya ce da Sale ya bi motar har Babura ya koya wa mutumin kalmomin, kada a dake su a banza. Aka rufe, motar ta tashi.

Mutane suka watse, ya rage daga ni sai shi. Hanyar gida yashi ce, sandar tana nutsewa. Ina tafe a bayansa kaɗan yadda na saba. Sai ya tsaya. Na ɗauka hutawa zai yi, na tsaya ni ma. Ya miƙo hannu baya ba tare da ya waigo ba, na matso, ya dafa kafaɗata. Nauyinsa duka ya sakar mini.

"Kai."

"Na'am, Baffa."

"Ƙafar nan tana ciwo."

"Na sani, Baffa."

"Tun ranar farko take ciwo."

Muka ci gaba da tafiya a hankali, yana jan ƙafa ina rage taku. Bai ɗauke hannunsa ba har muka shiga gida, muka wuce turken, igiyoyin biyu suna nan a ƙasa inda aka kwance su.